RASHIN HAIHUWA: TAMBAYOYIN JAMA'A DA AMSOSHINSU

A ƙasarmu, da zarar an kai amarya ɗakinta sai dangi su shiga ƙidayar watanni. In shekara ta zagayo ba a ga alamar ciki ba, sai tsegumi ya tashi. Uwar miji ta fara habaici, maƙwabta su nuna gidan boka, wani ma ya ba mijin shawara ya sallame ta. Aure da yawa ya mutu a kan haka, dukiya mai yawa ta salwanta, alhali kuwa da an je asibiti tun da wuri da an gane dalili, watakila ma an magance shi. Rashin sani ya fi dare duhu. Sabo da haka muka tattaro tambayoyin da jama'a suka fi yi a kan wannan al'amari, muka amsa su bisa ga ilmin likitanci.

Yaushe za a ce ma'aurata suna da matsalar haihuwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa sai miji da mata sun cika wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da wata dabarar hana ɗaukar ciki ba, ciki kuma bai samu ba, sa'an nan za a ce akwai matsala. Cikin ma'aurata 100, fiye da 80 sukan sami ciki a shekarar farko, wajen rabin waɗanda suka rage kuma su samu a shekara ta biyu. Wata 4 ko 5 bai isa a tayar da hankali ba. Haka nan maigidan da ke tafiya cin rani, ba ya kwana gida sai jefi-jefi, kada ya ƙidaya watannin da ba ya nan. Amma matar da ta wuce shekara 35 kada ta jira shekara ta cika, in wata 6 ya wuce ta ga likita. Wadda hailarta ba ta zuwa a kan ƙa'ida kuwa, ta je tun da wuri. Wannan ba abin kunya ba ne, domin rahoton Hukumar na 2023 ya nuna cewa wajen mutum 1 cikin 6 a duniya yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa.

Daga wajen mace kaɗai matsalar take?

Ko kusa. A wajen rabin ma'auratan da ba su sami haihuwa ba, akan tarar akwai dalili daga wajen namiji, ko dai shi kaɗai, ko shi da matar duka. Abin da ke ruɗin maza shi ne suna tsammani duk mai ƙarfin kwanciya da iyali mai haihuwa ne. Ƙarfi daban, iri daban. Maniyyi yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin iri waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma yana yiwuwa su yi kaɗan, ko su kasa motsi, ko ma babu su sam, mutum kuwa yana jin kansa garau. Ciwon sanyin da ba a yi wa magani sosai ba, da hangum idan ya kama baligi ya sauka ga maraina, da kumburin jijiyoyin maraina, da shan taba da giya, duk suna iya jawo haka. Ko wanda ya taɓa haihuwa a da yana iya gamuwa da ɗayansu daga baya.

Gwajin namiji kuwa ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a duba, shi ke nan. Ba daidai ba ne a bar mace ta yi shekaru tana shan jiƙe-jiƙe, mijin bai taɓa taka asibiti ba. A kuma sani, ƙwayar irin namiji ce ke sa jariri ya zo namiji ko mace. Matar da ke haihuwar 'ya'ya mata ba ta da laifin kome.

Waɗanne kwanaki ne ciki ya fi shiga?

Mace takan saki ƙwai guda a wata, wajen kwana 14 kafin haila mai zuwa. Ga wadda hailarta ke zagayowa duk kwana 28, wannan yakan faɗo wajen rana ta 14, in an fara ƙidaya daga ranar da jini ya fara zuwa. Ƙwan ba ya wuce kwana guda da rai, amma irin namiji yana iya kai kwana 5 a jikinta. Watau kwanakin da ciki ke shiga su ne 5 ɗin da suka gabaci sakin ƙwai, da ranar kanta. Wanda lissafi ya yi masa wuya, saduwa duk bayan kwana 2 ko 3 ta wadatar. Fitowar ruwa bayan saduwa kuma, wadda ke damun mata da yawa, abu ne da ke faruwa ga kowa, ba ta hana ɗaukar ciki.

Me ke hana mace ɗaukar ciki?

Tsakanin mahaifa da ma'ajiyar ƙwai akwai siraran hanyoyi biyu, a cikinsu ƙwai da iri ke gamuwa. A ƙasashen Afirka toshewar waɗannan hanyoyi tana cikin manyan dalilai. Cututtukan da ake ɗauka ta wurin saduwa suna toshe su, haka nan ƙwayoyin cuta da ke shiga lokacin haihuwa ko ɓari in babu tsabta, ko wajen zubar da ciki a ɓoye. Shi ya sa akan ga mace ta haifi ɗa guda, daga nan shiru. Tarin fuka da tsargiya ma suna iya kama waɗannan sassa. Wasu matan kuma ƙwan ne ba ya sakuwa a kan kari, wasu ƙari ne a mahaifa.

Lalle a guji yankan gishiri da cusa kanwa ko ganyaye a gaba da sunan magani. Ba su buɗe kome, sai dai su jawo zubar jini da tabo, wani lokaci har yoyon fitsari. Dokar Tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin jama'a ta haramta kaciyar mata. In an ga alamar ciwon sanyi, a yi wa maigida da matansa duka magani a lokaci guda, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagaye a gidan.

Maganin tazarar haihuwa yana kashe mahaifa?

Ba ya kashewa. Wadda ta daina shan ƙwaya, ko aka cire mata roba, tana iya ɗaukar ciki nan da nan. Allurar wata uku ce kan jinkirta, wani lokaci har wajen shekara, amma daga baya jiki yakan koma yadda yake.

Shekaru fa?

Da dukan ƙwanta ake haifar 'ya mace, ba ta yin sabo. Yawansa da ingancinsa suna raguwa a hankali, raguwar kuma takan yi sauri bayan shekara 35. Shekarun da aka ɓata ana yawon neman magani a inda babu shi ba su dawowa.

Akwai magani?

Sau da yawa akwai. Akwai ƙwayoyin da ke sa mace ta saki ƙwai, akwai fiɗa don cire ƙari ko gyara jijiya, akwai kuma haɗa ƙwai da iri a ɗakin gwaji, sa'an nan a dasa a mahaifa. Ta wannan hanya aka fara haihuwa a Ingila a 1978, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. A Nijeriya masana sun fara aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tun cikin shekarun 1980, yau kuma ana yinsa a manyan birane da dama. Sai dai yana da tsada, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba. Duk wanda ya yi muku alkawarin ciki tabbas, ko ya ce akwai cikin da hoton asibiti ba ya gani, mayaudari ne, kuɗinku yake so.

Jama'a, haihuwa kyauta ce ta Allah, neman magani kuwa bai saɓa wa dogara gare Shi ba. Maigida, ka kama hanya tare da matarka zuwa babban asibitin da ke kusa da ku, a gwada ku duka biyu. Iyaye da dangi, ku sassauta harshe, domin wadda kuke kira juya ta fi kowa jin zafin abin. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba.