Nokawut ba ƙara ce kawai ba, kada a ɓoye shi a ƙuryar shago

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na dangi a kan hana sayar da nokawut da sauran kayan tartsatsin wuta. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya cika baki. Ya ce wai an sa dokar ne don a ƙuntata wa mabiya addini guda, alhali rundunonin 'yan sanda na jihohi suna fitar da irin wannan sanarwa gab da Sallah kamar yadda suke fitarwa gab da Kirsimeti da sabuwar shekara. Ya ce wai an zuba guba a hayaƙin don hana haihuwa, kuma bai kawo ko ƙwayar hujja ba. Ya ce akwai masu fakewa da doka su karɓi na goro su kau da kai. Wannan kam duk wanda ya san kasuwa ba zai yi masa musu ba. Sai dai da wannan 'yar gaskiya ya lulluɓe maganar da za ta iya cin rayuka: wai nokawut kayan yara ne, ƙara ce kawai, don haka mai kaya ya kwashe katon-katon ɗinsa ya cusa a ƙuryar shago ko ƙarƙashin gado, ya rufe da buhuna har ƙura ta lafa.

Duk wanda ya taɓa ɓare nokawut ya ga abin da ke ciki: takarda ce aka naɗe tam, da ɗan gari baƙi ko ruwan toka a tsakiya. Baƙin nan albarushi ne, wato gawayi da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta. Mai ruwan tokar kuwa galibi garin alminiyam ne aka haɗa da irin wannan gishiri, kuma ya fi saurin tashi. Abin da ya bambanta su da yadi ko katako shi ne suna ɗauke da iskar da wuta ke buƙata a jikinsu. Shi ya sa dabarar da muka sani ta danne wuta da bargo ba ta aiki a kansu, kuma rufe su da buhuna ƙara wa wutar abinci ne. Ƙwaya ɗaya a fili takan tsaya a ƙara, ko da yake ta sha tsinke yatsu da lalata idanun yara. Dubbai a matse cikin kwali kuwa, ɗaya na kamawa sauran za su bi cikin daƙiƙu, masu tashi sama su yi ta feshin wuta zuwa rumfunan maƙwabta. Balle a lokacin hunturu, da komai ya bushe ƙayau, ga iska.

An riga an ga haka. Ranar 29 ga Disamban 2001, a unguwar kasuwanci ta Mesa Redonda da ke Lima, babban birnin Peru, an kunna ƙwaya ɗaya don gwaji a tsakiyar rumfunan da suka cunkushe tituna, kuma mutane kusan 300 suka mutu, yawancinsu masu sayayyar ƙarshen shekara. A gida Najeriya, ranar 26 ga Disamban 2012, wani ɗakin ajiyar irin waɗannan kaya ya tashi a yankin Jankara na Tsibirin Legas, wuta ta ci gine-gine da dama, aka rasa rai, mutane da yawa suka jikkata. Abin da mai saƙon ke ba da shawara a yi, wato tara kayan a cikin jama'a, shi ne ainihin abin da ya mai da waɗannan gobara bala'i.

Mai kaya zai ce shekara da shekaru yana wannan sana'a bai taɓa ganin gobara ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Galibin gobarar kasuwanninmu ma wutar lantarki ake ɗora wa alhakinta. To amma a nan matsalar take: ba sai nokawut ne ya tada wutar ba, ya isa a ce wayar da ta haɗu ko janareta da ya yi zafi sun tarar da shi a kusa. 'Yan kwana-kwana kuma su kutsa kai ba tare da sanin abin da ke jiransu ba. Wani zai ce ai ko inda ake bin ƙa'ida ana gobara, ya kawo misalin kasuwar San Pablito a garin Tultepec na Meziko, wadda ta ƙone a 2005 da 2006, aka sake gina ta da tazara tsakanin rumfuna, ta kuma tashi a Disamban 2016, mutane fiye da 40 suka halaka. Haka ne, ƙa'ida ba ta kawar da haɗari gaba ɗaya. Amma idan kasuwar da aka keɓe wa wannan kaya ta yi haka, me ake zato daga kwalayen da aka ɓoye a layin 'yan atamfa, ko a ɗakin da yara ke kwana?

Ina tausaya wa ɗan tireda da ya zuba ɗan jarinsa, sai ga sanarwa saura kwana kaɗan biki. Yana da gaskiya idan ya ce a riƙa faɗa da wuri, a tare kayan tun daga manyan dillalai, kada a bar giwa a kama ɓera. A garuruwan Amurka da ake ba da lasisin rumfunan wucin gadi, sharuɗɗan ba ɓoyayyu ba ne: nesa da gidan mai, ba shan taba, ba kunnawa a kusa, a ajiye tukunyar kashe gobara, kada a sayar wa ƙananan yara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya neman tsari bayyananne irin wannan, su kuma saurari dalilin jami'an tsaro cewa ƙarar tana firgita jama'a, ɓata-gari kuma suna fakewa da ita. Wanda ya naɗi saƙon nan bai nemi ko ɗaya ba. Ya tura mutane su kwana a kan albarushi, shi yana can gefe.

Idan saƙon ya iso gare ku, ku daure ya tsaya a wayarku. Wanda kuma ya riga ya ɓoye kayan, don Allah ya sanar da shugabannin kasuwa ko ofishin kashe gobara a fitar da su tun yau.