Masu jirgin ruwa, a duba caja kafin a saya

Ƴan uwa masunta da masu fito, daga Gaya har tafkin Madarunfa da Tabalak: batirin jirgi tsada gare shi, kuma sau da yawa caja ce ke kashe shi tun bai tsufa ba.

Batirin bolt 12, cajar bolt 12 yake so. Ƙarfinta kuma ya zama kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da batirin ke ɗauka. In an rubuta 100Ah a jikinsa, cajar amfer 10 ta isa, ta kwana tana cika shi. Wadda ta fi haka ƙarfi sosai dafa batirin take, ruwansa ya ƙafe. Ni dai shawarata, a ƙara kuɗi a sayi mai rage wuta da kanta in batiri ya cika. In cikin jirgi za ta zauna, a nemi mai alamar IP67, ruwa ba ya shigarta.

Ku kuma da ke aiko wa gida kaya daga Amurka, ku tuna wutar Nijar bolt 220 ce. Cajar bolt 110 kaɗai, ana jona ta za ta ƙone.

Kar a yi caji kusa da jarkar mai, don batiri na fitar da iska mai kama wuta.