Fela Kuti: Mawaƙin da ke hana masoyansa waƙar da suka zo ji

Ka ɗauka ka tara 'yan kuɗinka ka sayi tikiti, ka yi wanka ka fesa turare, ka tafi wasan mawaƙin da ka fi so a duniya. Akwai wata waƙarsa da ka haddace tun daga farko har ƙarshe, ita ce ma ke tashi in an kira wayarka. Aka kwana ana kiɗa, har asuba ta yi bai taɓa ta ba. Ka ɗaga murya ka roƙa, aka nuna maka cewa in ita kake so, faifanta na kasuwa, je ka saya. Tsakaninka da Allah, za ka sake komawa?

To, akwai mutanen da aka yi shekara da shekaru ana yi wa haka, kuma duk mako sai sun koma. Su ne masoyan Fela Anikulapo-Kuti, wanda aka haifa a Abekuta ranar 15 ga Oktoban 1938, ya mutu a Legas ranar 2 ga Agustan 1997. Na san da yawanku ba a haife ku ba lokacin da ya bar duniya. Abin da kuka sani shi ne hotonsa a jikin riga ko a bangon shagon aski: ƙirji a waje, fuska da zanen farin alli, hannaye biyu a dunƙule a sama. Wasu kuma ta bakin Burna Boy suka ji sunansa, wanda kakansa na wajen uwa, Benson Idonije, shi ne manajan Fela na farko.

Dokar Fela ita ce wannan: da zarar waƙa ta shiga faifai, ta gama aikinta a kan dandamali. Ba ya sake yin ta. Mawaƙan yanzu sukan fitar da waƙa, ta zaga gari, sannan su bi ta jiha-jiha suna maimaitawa har a gaji. Shi kuwa ta baya yake farawa. A gaban jama'a yake haihuwar waƙa, ya yi ta yin ta makonni ko watanni, yana ƙara nan yana rage can, yana kallon inda mutane ke miƙewa da inda jikinsu ke sanyi. Sai ta nuna sannan ya kwashi makaɗansa zuwa situdiyo. Ranar da faifan ya fito kasuwa, su 'yan gida sun daɗe da wucewa wata sabuwa. Ko marigayi Shata, da ake cewa ba ya yin Bakandamiya iri ɗaya sau biyu, ai dai yana yin ta in an nema. Fela ko wannan bai yarda da shi ba.

Wannan ce ta raba masoyansa gida biyu: masu faifai da masu zuwa Shrine.

Shrine shi ne gidan rawarsa. Ya fara zama a otal ɗin Empire da ke Mushin, daga baya ya koma titin Pepple a Ikeja. Idan kana da dattijon da ya yi zaman Idi-Araba ko Agege a shekarun 1970, tambaye shi. Ko bai taɓa shiga ba, ya san labarin abin da ake yi a maƙwabtansu. Makaɗa kan fara ɗumama wuri tun dare bai raba ba, amma shi gogan sai tsakar dare ta gota yake fitowa, kuma sai gari ya kusa wayewa a tashi. Wajen ado kam ba a magana. Mutumin da ke karɓar 'yan jarida a gidansa daga shi sai kamfai, in zai hau dandamali sai ka gan shi cikin riga da wando masu kama jiki, an zuba musu aiki, takalmin ma launinsu ɗaya. Bayansa masu busa ƙaho ne jere, ga masu jita, ga masu ganguna, ga 'yan amshi da 'yan rawa fuskokinsu cike da zane da duwatsun ado. Shi kuma yana tsakiya, ya busa sakisofon, ya koma kan fiyano, ya juya baya ga 'yan kallo yana ba makaɗa umarni da hannu kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi.

Sai kuma abin da ake kira Yabis. Nan ne zai tsayar da kiɗa ya hau magana, ya kama sunan mai mulki ya yi masa tatas, ya zolayi 'yan kallo, su ma su rama. Ka tuna zamanin soja ne fa, babu Facebook, babu inda talaka zai ji an faɗi abin da ke ransa da babbar murya. Mutane da yawa wannan suke zuwa ji, kiɗan gyara ne. Amma wanda kiɗan ya kai shi ma bai yi asara ba. A 1973, lokacin da Paul McCartney na tsohuwar ƙungiyar Beatles ya zo Legas ɗaukar kundinsa Band on the Run, ya leƙa Shrine, kuma shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa kiɗan da ya ji a daren sai da ya sa shi hawaye.

Su kuma masu faifai fa? Kada ka ɗauka su aka bari a baya. Faifan Fela kamar jarida yake. Sau da yawa waƙa ɗaya ce ke cinye fuska guda ta faifan, wani lokaci ma sai ka juya shi kafin ta ƙare. Bangon kansa abin zama a karanta ne. Wani matashin mai zane, Lemi Ghariokwu, shi ya zana guda 26 daga ciki, cike da hotunan shaguɓe. Kuma kusan kowane kundi labarin wani abu ne da ya faru da gaske, wanda mai saye ya riga ya ji ƙishin-ƙishin ɗinsa a gari.

Ɗauki Expensive Shit na 1975. 'Yan sanda sun zo kama shi da ƙullin wiwi, wanda ya ce su suka zo da abinsu. Ya fizge ya haɗiye. Aka tsare shi a Alagbon ana jiran ya yi bayan gida a kai gwaji, sai abokan zamansa na ɗakin tsaro suka taimaka aka musanya da na wani. Gwaji ya fito babu komai, aka sake shi, shi kuma ya mayar da abin waƙa. Ka ga mai sayen wannan faifai dariya ya saya, dariyar da ba ya iya yi a gaban ɗan sanda.

Zombie na 1976 kuwa ba dariya ya haifar ba. Waƙa ce ta minti goma sha biyu da 'yan kai, wadda ta kwatanta soja da gawar da ke tafiya sai yadda aka juya ta. Gari ya ɗauka, yara suna tsokanar sojoji da ita a titi. Ranar 18 ga Fabrairun 1977, sojoji kusan dubu suka yi wa gidansa na Kalakuta ƙawanya, suka lakaɗa wa mutanen ciki duka, suka banka wa gidan wuta, situdiyo da kayan kiɗa duk suka ƙone. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, fitacciyar 'yar gwagwarmayar 'yancin mata, ta taga aka jefo ta. Ta rasu a Afrilun 1978. Binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Amsar Fela faifai biyu ce, Unknown Soldier da Coffin for Head of State, na biyun yana ba da labarin yadda a 1979 ya kai akwatin gawa ƙofar barikin Dodan, fadar gwamnatin Janar Obasanjo. A 1984 kuma gwamnatin Janar Buhari ta ɗaure shi kan zargin fita da kuɗin waje, sai 1986 aka sake shi a zamanin Babangida.

Yanzu ka fahimci abin da ake nufi da masoyi a wancan lokaci. Zuwa Shrine na nufin shiga wurin da jami'an tsaro kan iya dirar wa kowane dare. Yau soyayyar mawaƙi ba ta wuce ka danna alamar zuciya ka zagi masoyan abokin hamayyarsa a ƙarƙashin bidiyo.

Taurin kan nan nasa ya ci masa kuɗi, musamman a Turai da Amurka, inda mutane kan zo wasa da sunayen waƙoƙin da suka sani a faifai, su tarar da wasu da ba su taɓa ji ba, kowacce tana neman rabin awa. Gidajen rediyo kuma ina za su kai waƙar minti ashirin? Ni dai a ganina ya yi gaskiya a nan, ko da kuwa girman kai ne ya kai shi ga gaskiyar. Wanda ya biya kuɗin ƙofa ya cancanci ya ga abin da ba zai samu a ɗakinsa ba. Sau nawa ka je wasa aka kunna waƙar daga kwamfuta, mawaƙin yana motsa baki yana miƙo maka makirufo ka ƙarasa masa?

Ba na ce ka mayar da shi malaminka ba. Wiwin da yake busawa a bainar jama'a, auren mata 27 a rana ɗaya a 1978, maganganunsa a kan mata, caccakar da ya yi wa Musulunci da Kiristanci a Shuffering and Shmiling, duk abubuwa ne da ni da kai ba za mu sa musu hannu ba. Ya ƙi yarda da maganin asibiti har ciwo ya cinye shi, kuma yayansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, shi ya fito ya shaida wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe shi. Masoyansa na ƙwarai ba sa ɓoye waɗannan. Suna faɗa, sannan su juya faifan.

Idan kana son ka gane abin da suka ji, ga abin da za ka yi. Nemi Zombie, ka sa abin ji a kunne, ka kife wayar. Kada ka ja ta gaba. Za ka shafe kusan minti biyar ba ka ji muryarsa ba, kuma nan ne 'yan zamaninmu ke gudu. Daure. Bi jitar da ke maimaita abu ɗaya kamar mai daka, ka saurari yadda gangar Tony Allen ke ratsawa ta ƙarƙashinta ba ta taɓa sauka inda kake zato, sannan ƙahonin su faɗo gaba ɗaya. Lokacin da zai buɗe baki da Turancin buroka, wanda ya zaɓa don Bayerabe da Bahaushe da mutumin Accra duk su gane, za ka tarar ƙafarka ta daɗe da fara motsi. A 2025 masu kyautar Grammy suka saka wannan kundi a jerin fayafayan tarihi nasu, kusan shekara hamsin bayan an ƙona gida saboda shi.

Tsohon Shrine babu shi yanzu. 'Ya'yansa Femi da Yeni sun buɗe sabo a Ikeja a shekarar 2000, inda har shugaban Faransa Emmanuel Macron ya je a 2018. Duk Oktoba, a makon zagayowar haihuwarsa, ana bikin Felabration da Yeni ta ƙirƙiro a 1998. Ƙaninsu Seun, wanda ya gaji ƙungiyar Egypt 80 yana ɗan shekara 14, yakan sako waƙoƙin mahaifinsa a wasanninsa. A nan za ka ga dattijo mai furfura, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana roƙon tsohuwar waƙa ana hana shi, ya miƙe tsaye ido a rufe, ana yi masa ita daga kan dandamali.