Fitilar da kan kunnu a hanyar Machina

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata da dama a Abuja suka sauya motocinsu zuwa masu amfani da iskar gas ta CNG. A cikin gari komai lafiya lau. Matsalar takan jira doguwar tafiya, irin ta mai zuwa gida Machina: ya bi ta Kano da Haɗeja, gas ya ƙare tun a hanya, motar ta koma kan fetur, kafin Nguru ta fara shaƙewa, fitilar inji ta kunnu.

Sau da yawa laifin na wanda ya haɗa gas ɗin ne. Kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, tana gyara lissafin man da take fesawa bisa hayaƙin da ke bi ta salansa. Idan ba a daidaita tsarin gas da kyau ba, sai ta koyi lissafin da bai dace da fetur ba.

Na'urar bincike, wadda ake jonawa a soket mai rami 16 ƙarƙashin sitiyari, takan nuna lamba kamar P0171, wato iska ta rinjayi mai. Goge lambar aikin minti guda ne, a Nguru ko a Gashuwa, motar ma takan lafa. Amma da an koma Abuja an sha gas, ciwon zai dawo.

Mafi haɗari shi ne sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwar a bakin hanya. Idan batir ya yi sanyi ana tsakiyar aikin, motar na iya ƙin tashi gaba ɗaya, kuma in ba a adana ainihin manhajar ba, sai dai a nemo wata ƙwaƙwalwar daga Kano.