Aikin rani ne ke ceton kwalta: hanyar Gidan Rumji zuwa Gazawa da barazanar ruwa

Ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024, ruwa ya tsinke a birnin Maraɗi. Cikin awa ɗaya da rabi aka auna milimita 150, a yankin da ruwan shekara guda bai cika haura milimita 600 ba. Hukumomi suka sanar da rasuwar mutum 15, gidaje suka zube, zirga-zirga kuma ta samu cikas a babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram. Damanar 2024 ta ci rayukan mutane kusan 400 a faɗin Nijar, ta taɓa sama da mutum miliyan ɗaya da rabi, har sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A cikin Agustan waccan shekarar ne ma ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai, manyan motoci suka yi layi suna jiran ya janye.

Hanyar da ake magana a kanta ita ce RN1, babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Ta baro Yamai, ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Kwanni da Madawa, sannan ta shigo jihar Maraɗi. Daga Gidan Rumji ta gangaro Tibiri, ta gifta bakin Maraɗi, ta miƙe gabas ta Cadawa, Agiye da Gazawa, ta nufi Tasawa da Damagaram har Difa. Tankokin man da ke fitowa daga matatar Soraz, wadda aka buɗe a 2011, ta nan suke bi zuwa yamma. Ayar Cadawa, da riɗi da wake da gyaɗar ƙauyukan Agiye da Gazawa, ta nan suke fita kasuwa. Mai naƙudar da ta gagari likitar ƙauye, ta nan ake garzayawa da ita Maraɗi. Babu wata kwalta ta biyu da za a koma mata idan wannan ta yanke. Sai dai a bi ta cikin gonaki.

Abin da ke wahalar da hanya a nan shi ne ƙasar kanta. Yawancinta jigawa ce, yashi ne mai laushi wanda ruwa ke kwashewa ba wuya. Ga kuma gulabe biyu. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima. Gulbin Kaba kuwa ya shigo ta gefen Gazawa, ya yi arewa ya zagaya ta Mayahi. Wata takwas ko fiye za ka gan su ƙayau, yara na ƙwallo a ciki. Amma ruwan da ya sauka a Katsina da daddare yana iya isowa ƙauyen da ko ɗigo bai gani ba. Tsakanin gulaben akwai ƙananan koramu barkatai, kuma su ne suka fi yi wa hanya illa, domin kowace damana suna iya canza wurin bi.

Kula da wannan hanya ba a hannun ofis ɗaya yake ba. Ma'aikatar da ke riƙe da ayyukan hanyoyi ita ce uwa, tana da reshe a Maraɗi da wakilai a gundumomi, su ne ke zagayawa su rubuta inda ya lalace. Kuɗin gyara na fitowa daga asusun FER, wanda aka kafa a 2017 a madadin tsohuwar CAFER. Asusun na samun kuɗinsa daga wani kaso da ake ɗorawa kan man fetur da gas, da kuma kuɗin hanya da direbobi ke biya a shingaye. Sai hukumar AMODER, da ta zo a 2019, wadda ke ba 'yan kwangila aiki ta kuma bi sawunsu. Hikimar raba aikin ita ce kada mai riƙe da kuɗi ya zama shi ne mai ba da kwangila kuma mai duba kansa. Hanyoyin ƙauye da dama kuwa suna wuyan ƙananan hukumomi, irin su Gangara, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa, waɗanda abin hannunsu bai taka kara ya karya ba.

Wanda ke son ganin inda ake cin nasara ko a faɗi, ya sauka daga mota cikin watan Afrilu ya leƙa ƙarƙashin kwalbati. Iskar hunturu ta riga ta tura yashi ya cika rabinsa. A kan yashin akwai baƙar leda, karan gero, tsumma, wani lokaci har mushen akuya. Aikin da ake bukata ba shi da wani kwarjini: mutum huɗu ko biyar da shebur da baro, su kwashe yashin su kai shi nesa, don idan aka tara shi a bakin ramin ruwan farko zai mayar da shi. Su sare ciyawa da geza da suka toshe mafitar ruwa, su duba ko ruwan bara ya rarake ƙarƙashin siminti. Inda ya rarake, a jera duwatsu cikin ragar waya a danne wurin. A cikin gari kuma a yashe lambatu tun daga kasuwa har inda yake zubarwa.

Idan ba a yi haka ba, hanyar da aka ɗaga sama da ƙasa sai ta zama madatsa. Ruwa ya taru a gefe ɗaya, ya koma cikin gidajen laka na unguwar da ke kusa, ya jiƙa gindin katanga har ta zauna. Idan ya ƙara yawa sai ya haura kwaltar, ya faɗa ɗaya gefen da ƙarfi, ya fara cin ƙasar da ke riƙe da ita daga baya. Cikin 'yan awoyi sai a ga kwalta na rataye babu komai a ƙarƙashinta. Kwalbatin da aka ƙi yashewa da kuɗi kaɗan ya jawo asarar hanya da ta gidaje a dare ɗaya.

A saman hanyar ma haka lissafin yake. Kwalta rufi ce kawai. Ƙarfin hanya na cikin jan burjin da aka daddanne a ƙarƙashi. Rana na gasa kwaltar har ta tsattsage, ruwa ya bi tsagar ya jiƙa burjin, taya ta bi ta kai, rami ya buɗe. Shi ya sa ma'aikata ke bin tsaga suna tsiyaya mata narkakkiyar kwalta tun tana siririya, suna yanke bakin rami su share su cike su danne, suna kuma mayar da ƙasar gefen hanya da amalanke da kofaton shanu suka zaizaye. Bankin Duniya ya taɓa yin lissafi a 1988: ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45, alhali gyaran dala biliyan 12 a kan kari da ya hana hakan. Matsalar ita ce ba a yanka kyalle a kira maroƙa don an yashe kwalbati, saboda haka shi ne kuɗin da ake fara taɓawa idan aljihun gwamnati ya yi zafi.

Abokin ruwa wajen ɓarna shi ne lodi. Wani gwaji da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninku kusan sau 16. Ke nan babbar mota ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci illa. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA ta yammacin Afirka sun amince tun 2005 da ƙa'idar da ta kayyade tan 11.5 a kan gatari ɗaya na baya, kuma don haka ake kafa sikeli a manyan hanyoyi. Mai mota na da tasa hujjar, man ya yi tsada kuma sawu ɗaya ya fi biyu sauƙi. Amma shi ne dai zai sayi sabon sifirin idan ramin ya girma, kuma lodin da hanya za ta iya jurewa a Fabrairu yana iya karya ta a Agusta, lokacin da ƙasanta ya sha ruwa.

Hanyoyin burji da ke kai wa ƙauyuka sun fi shan wuya. A kansu akan kafa shingen ruwan sama: idan an yi ruwa mai yawa sai a tsayar da manyan motoci na wasu awoyi har ƙasa ta tsane. Inda hanya ta gitta korama, maimakon gada mai tsada akan shimfiɗa siminti a ƙasan koramar, ruwa ya bi ta kai ya wuce, mota ta jira. Wannan dabara ta dace da ƙasar da ruwa ke zuwa da fushi ya tafi da wuri, sai dai tana neman haƙuri. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya ɗauke babur da mai shi, kuma gaggawar tsallakewa ta sha jawo asarar rai.

Akwai wani ɓangare na kare hanya da injiniya ba ya iya yi shi kaɗai, kuma a nan mutanen Agiye suna da abin nunawa. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a kan haka har baƙi na zuwa koyo daga wasu ƙasashe. An fara ne don itacen girki da abincin dabbobi da kare shuka daga iska, amma gonar da ke da gawo da kalgo da sabara tana shan ruwa, tana rage gudunsa, tana kuma riƙe yashinta. Duk yashin da ya zauna a gona, kwalbati ya huta da shi. Ya kamata masu tsara kasafin hanyoyi su riƙa lissafa wannan cikin aikinsu, su haɗa kai da ma'aikatan gandun daji da sarakunan gargajiya tun daga inda koramar ta taso.

Game da shirin damana, sanarwa na zuwa da wuri. Kowace shekara wajen ƙarshen Afrilu cibiyar Agrhymet da ke Yamai da hukumomin yanayi na yankin sukan fitar da hasashen damana, kuma a 2024 sun yi gargaɗin cewa ruwa zai fi na kullum a Sahel. Daga nan zuwa saukar ruwa sosai bai fi wata biyu ba. Cikin wannan ɗan lokaci ne ya kamata a ce kuɗin kwangila ya fito, an gama yashe magudanai, an tara burji da duwatsu kusa da wuraren da aka san suna yankewa, an kuma ajiye katafila da gireda a inda za su isa Gidan Rumji ko Gazawa cikin yini ɗaya. Yawancin kwalbatocin RN1 an auna faɗinsu ne da ruwan shekarun baya, lokacin da garuruwan ba su kai haka girma ba kuma ba a gina gidaje a kan hanyar ruwa ba. Wuraren da ruwan 2024 ya haura kwalta sanannu ne ga direbobi da masu unguwanni, kuma daga kansu ya dace a fara sake awo da faɗaɗawa.