Keken Jariri Mai Tsada: Dubi Hanyarki Kafin Ki Shiga Kanti

Yau zancen keken jariri za mu yi, watau ɗan keken nan da akan kwantar da yaro a ciki a riƙa turawa. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, mu a gidanmu guda biyu muka saya a cikin wata uku, alhali kuwa da na san abin da na sani yau, da guda ɗaya ya ishe mu, sauran kuɗin kuma da sun yi wani amfanin.

Da na zo haihuwar 'yata ta biyu, aiki aka yi mini. Na warke, alhamdu lillahi, amma in na yi goyo na ja majanyi, sai wurin ɗinkin ya yi ta yi mini tsami har dare. Ga hutun haihuwa ya ƙare, ga makarantar da nake koyarwa tafiyar minti 20 ce a ƙasa, ga littattafan yara da nakan kwaso gida domin in duba. Da maigida ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya tafi wani babban kanti ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne kyau. Aka ba shi wanda ya fi kowanne tsada. Kuɗinsa har ya haura albashina na wata guda. Baƙi ne wuluk, yana ta walƙiya, mariƙinsa an naɗe shi da fata, maƙwabta har shigowa suka riƙa yi suna kallo.

Ran Litinin da safe na kwantar da yarinya a ciki na turo. Muka zo ƙofar zaure ta ciki, keke ya ce bai san zancen ba, sai da na ciro yarinyar na miƙa wa ƙanwar maigida, muka karkata shi sa'an nan ya fita. Ƙafafunsa kuma ƙanana ne, ba su fi murfin gwangwanin madarar gari ba, ko taku goma ba mu yi ba suka nutse cikin rairayi. In na tura ya cije, in na ja baya ya karkace. Surukata tana tsaye bakin ƙofa tana kallonmu, can sai ta ce, "'Yar nan, shin shi ne zai ɗauki yarinyar, ko ke ce za ki ɗauke su su biyu?" Ran nan da goyo na tafi makaranta, na kuma makara.

Keken nan ba shi da laifi, an ƙera shi da kyau, sai dai ba don lungunmu aka ƙera shi ba. Tun asali abin na masu shararriyar hanya ne. A shekarar 1733 wani Bature mai tsara lambuna, William Kent, ya ƙera wa wani basarake na Ingila ɗan keken da za a sa 'ya'yansa a ciki, akuya ko ƙuru yana ja. Kamfanin Silver Cross, wanda gidan sarautar Ingila suka daɗe suna amfani da kekunansa, a birnin Leeds aka kafa shi a 1877. Irin mai naɗewa kamar laima kuwa, wani injiniyan jiragen sama mai suna Owen Maclaren ne ya fito da shi a 1965, bayan ya ga 'yarsa tana fama da wani ƙaton keke mai nauyi. Dukansu don shararriyar hanya suka ƙera nasu, ba rairayi da lambatu ba.

Saboda haka, uwargida, kafin ki tambayi sunan kamfani, fita ki bi hanyar da za ki riƙa bi kullum, ko ta wurin aiki, ko ta asibitin awo, ko ta gidan da kike kai reno. Ki lura ko rairayi ne, ko tsakuwa, ko kuwa wurin da yakan zama caɓi da damina, ki ƙirga kwata nawa za ki tsallake. In hanyarki irin tawa ce, nemi mai manyan tayoyin baya, kamar inci 10 zuwa 12, watau sun ɗara taƙi guda. Tayar nan iri uku ce. Akwai ta roba mai tauri, wadda ba ta da amfani sai a kan siminti. Akwai mai shan iska irin ta keken hawa, ita ta fi laushin tafiya, amma ƙaya da tsidau ba su ƙyale ta, kuma ko mai faci ya liƙe miki yau, ran da tif ɗin ya mutu samun daidai girmansa aiki ne. Ta uku roba ce da aka cika cikinta da wani abu kamar soso, ba ta sacewa, ita na zaɓa a karo na biyu. Ki duba kuma ko ƙafafun gaba suna da ɗan makullin da ke hana su juyawa, domin a cikin rairayi sai an kulle su keke yake tafiya sosai. Sa'an nan ki danna mariƙin da ƙarfi ki saki. In keken ya lotsa ya dawo, yana da shokozoba, yaro ba zai sha jijjiga ba.

Ki ari tef ɗin tela ki auna ƙofar da ta fi ƙunci a gidanki, ki rubuta a takarda ki tafi da ita. In a mota za a riƙa sa shi, a auna but. In Adaidaita Sahu kike hawa, ki tuna a kan cinyarki ko gaban ƙafarki zai zauna, ga kuma yaro. Manyan kekunan nan masu tsada sukan kai kilo 12 har 15, bokitin ruwa mai lita 10 kuwa kilo 10 ne, to, wadda ke zaune a bene ta yi wa kanta lissafi. Kada kuma ki yarda mai kanti ya naɗe miki shi kina kallo. Shi kullum aikinsa ke nan, kafin ƙiftawar ido ya gama. Ki karɓa ki naɗe da kanki, da hannu ɗaya, jakarki tana ɗaya hannun, don haka za ki riƙa yi a bakin titi.

Duk wannan zancen kuɗi ne da wahala. Akwai kuma wanda ya shafi ran yaron, shi ne na fi so a saurara.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, ko bai iya zama da kansa ba, a kwance sosai ake sa shi, a rigingine, kan 'yar katifa mai ɗan tauri, ba matashi. Dalili kuwa, wuyansa bai yi ƙwari ba. In aka kishingiɗa shi, kansa yakan rinjayo gaba, haɓa ta dafe ƙirji, hanyar numfashi ta matse, shi kuwa ba shi da ƙarfin da zai ɗago, ba lalle ne ma ya yi kuka ba. Don haka in sabon haihuwa za ki sa, ki tabbata bayan kujerar yana kwantawa ɗiɗɗir kamar gado, ko kuwa keken yana da ɗan kwandon kwanciya na dabam. Ya fi kyau kuma a ce fuskarsa tana kallonki kina turawa. Wannan dabara ta juya mazaunin yaro ba sabuwa ba ce, wani baƙar fata ɗan Amurka, William Richardson, shi ya yi mata rajista tun 1889.

Maɗaurin yaro ya zama mai reshe 5: biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, ɗaya ta tsakanin ƙafafu. Mai ɗaure ƙugu kaɗai, yaro mai wayo yakan zame ta ƙasa ko ya miƙe tsaye. Birki kuma ki taka shi ki tura keken da ƙarfi ki gani ko zai motsa, ki kuma gwada sakinsa da silifa a ƙafarki, don wani sai mai takalmi sau-ciki yake iya ɗaga shi. Bayan haka ki rataya jakarki a mariƙi ki gani. Da yawa sukan tashi ta gaba su kifa ta baya, to, da yaro a ciki ƙeyarsa ce za ta bugi ƙasa. Wurin kaya shi ne kwandon da ke ƙasa, ki zaɓi mai faɗi.

Sai zafi, wanda shi ne babban abin tsoro a ƙasarmu. Mun saba in za mu fita da jariri mu lulluɓe shi, saboda rana, da ƙura, da kuma bakin mutane. A bayanki wannan ba kome, domin kina jin motsinsa da ɗumin jikinsa. A cikin keke kuwa, in kika yafa zane ko mayafi kika rufe bakin, kin hana iska shiga, kin kuma hana kanki ganinsa. A 2014 wata jarida a ƙasar Suwidin ta gwada abin da keken da ba kowa a ciki. Da aka bar shi a rana a buɗe, zafin cikinsa digiri 22 ne. Da aka yafa masa ɗan siririn zane, cikin rabin sa'a ya kai 34, da aka cika sa'a guda ya kai 37. Wannan fa a ƙasar sanyi ke nan. Ina ga Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, inda zafin waje kansa yakan wuce 40? Jariri kuma jikinsa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Saboda haka ki nemi mai babbar rumfa wadda ke saukowa sosai, mai tagogin raga a gefe, mai launi mai haske. Baƙin nan da ake yayi, zafi yake sha. Don sauro da ƙuda, ɗan gidan sauro na raga ya isa. Da tsakar rana kuwa, in ba dole ba, a haƙura da fitar.

Kada kuma tsada ko babban suna su sa ki saki jiki. A watan Nuwamba na 2009, kamfanin Maclaren ɗin nan da na ambata ya yi shelar gyara ga kekunansa wajen miliyan ɗaya a Amurka, bayan an sami yara 12 da gaɓar ƙarfen da ke naɗewa ta datse musu kan yatsa. Kamfanin ya raba wani murfin ƙyalle da ake rufe gaɓar da shi. Abin lura a nan, kowane keke ne, a naɗe shi ko a buɗe shi yaro yana nesa. Mai sayen na gwanjo kuma ta ƙara sa ido, don ba ta san tarihinsa ba. Ba na kushe gwanjo, sau da yawa tsohon mai kyau ya fi sabon banza. Amma a duba maɗauri ko ya tsinke, birki ko yana kamawa ƙafa biyu, ƙarfe ko ya tsage, a kuma wanke shi tas a shanya a rana. A jikin na kirki akan ga lambar gwaji, EN 1888 in na Turai ne, ASTM F833 in na Amurka ne, tare da nauyin yaron da zai iya ɗauka, yawanci kilo 15 ko 22. Sai dai takarda ce, ana iya manna ta a kan kome, gwajin hannunki ya fi ta.

To, ina amfanin ƙarin kuɗin? Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma gaskiya ne in kuɗin ya tafi ga ƙarfe mai ƙwari, da taya, da rigar da ake cirewa a wanke, domin yaro zai yi tumbuɗi, zai yi fitsari, ƙurar hunturu kuma ba ta barin kome. Irin wannan zai yi wa yaro uku aiki. Amma fatar mariƙi, da wurin ajiye kofi, da ruwan zinariya a jikin ƙarfe, waɗannan na masu kallo ne. Kafin ki biya, tambayi mai kanti ko yana sayar da taya da maɗauri dabam. In ya fara kame-kame, ki sani ran da ƙafa ɗaya ta karye keken ya tashi aiki. Galibinsu kuma da alminiyom ake yi don kada su yi nauyi, shi kuwa ba kowane mai walda ne yake iya kama shi ba.

Ku kuma 'yammata, na san ku ake ba turin in an taso makaranta. Ƙaninki ne a ciki, ba buhun masara ba. Ban da gudu, ban da tsere da ƙawaye, ban da ɗora wani yaron a kan mariƙi ko cikin kwando. Duk inda kika tsaya, ko gaisuwa ce, taka birki. In za ki ƙetare titi, kada ki tura keken gaba ki tsaya kina leƙe, ki tsaya da shi a gefenki har mota ta wuce. In kin zo kwata ko dokin ƙofa, danna mariƙi ƙasa ƙafafun gaba su tashi, sa'an nan ki wuce a hankali.

Wata ƙawata ta ce da ni wai yanzu na zama Baturiya, na daina goyo. Ban daina ba, ba kuma zan daina ba. Ran kasuwa, ko gidan biki, ko in yarinya tana ƙiwa ko jikinta da zafi, bayana ne wurinta, ba keken da zai ratsa cunkoson Kantin Kwari. Su Turawan ma yanzu kuɗi suke sawa su sayi ƙyallen goyo, har a koya musu ɗaurawa. Wadda ke zaune a gida, ga masu taya ta reno, ba ta da wata doguwar tafiya ta kullum, ni a ganina ta riƙe kuɗinta, kada ta ci bashi ko ta kwashe adashinta don a gani ran suna. Wadda aka yi wa aiki, da mai ciwon baya, da mai tagwaye, da mai ciki ga na goye, da ma'aikaciya mai tafiyar ƙasa, su ne abin zai yi wa rana.

Na biyun da muka saya bai kai rabin kuɗin na farko ba. Ni na je da kaina, da tef a jaka, na kuma roƙi mai kantin ya bar ni in tura shi a filin ƙasa da ke bayan kantinsa, ya yi dariya ya yarda. Ruwan toka ne, ba mai shigowa kallonsa, amma yau wata 8 ke nan kullum yana kai mu makaranta ya komo da mu, littattafai a kwando. Na farkon kuwa yana nan a tsakar gida kan siminti. A ciki yarinya take barcin la'asar a inuwar darbejiya inda nake ganinta, ran wanki kuma surukata ce ke tura jiƙaƙƙun kaya da shi zuwa bakin igiya.