Sauya Yawan Alƙalan Kotun Ƙoli

Kotun Ƙoli ita ce maƙurar shari'a a Nijeriya. Idan ta yanke hukunci, babu sauran ɗaukaka ƙara. Rigimar gadon gonar albasa a Aliero, ko ta gadon fili a Jega ko Maiyama, tana iya farawa a kotun shari'ar Musulunci ta gari, ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Birnin Kebbi, ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Sakkwato, sannan ta ƙare a Abuja. Saboda haka yawan alƙalan da ke can ya shafi manomin da ke nan.

Sashe na 230 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi cewa kotun za ta ƙunshi Alƙalin Alƙalan Nijeriya da wasu alƙalai waɗanda ba su wuce 21 ba. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa iyaka aka sa ta sama. Ɗaga wannan iyaka sai an gyara kundin kansa, wato sai kashi biyu cikin uku na 'yan kowace majalisar tarayya sun amince, haka kuma majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Ke nan Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ma tana da ta cewa.

Hikimar tsaurara abin tana fitowa fili idan aka dubi Amurka, inda dokar majalisa kawai ke ƙayyade adadin. Sun fara da alƙalai 6 a 1789, suka tsaya a 9 tun 1869. A 1937 Shugaba Roosevelt, wanda kotun ta soke masa dokoki da dama, ya nemi ƙara alƙalai har 6. Kowa ya gane cewa rinjaye yake nema, kuma Majalisar Dattawa ta ƙi, duk da cewa jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a cikinta.

A Nijeriya kuwa, matsalar ta fi karkata ga barin kujeru ba kowa. Alƙali yana ajiye aiki da zarar ya cika shekara 70, kuma ba a cika hanzarin naɗa magaji ba. Lokacin da Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya yi ritaya a Oktoban 2023, alƙalai 10 suka rage. Kotun tana zama ne da alƙalai 5, ko 7 a kan batun fassara tsarin mulki, don haka mutum 10 ba za su iya zama biyu na bakwai-bakwai ba. Ga kuma ƙararrakin zaɓe, masu wa'adi, da ke shiga gaban na gado da na filaye. Sai a Fabrairun 2024 aka rantsar da sababbi 11, adadin ya kai 21.